Kujera ta Goma Sha Ɗaya

Ruwa ya wuni yana zuba a Valparaíso.
Na kulle keken hawan dutse da wuri,
na ce wa Gaspar ya sa rigar sanyi, mu je silima.
Shekarunsa sha shida. Ya ɗaga kafaɗa,
amsar da nake samu tun da muryarsa ta fashe.

Mai sayar da tikiti, Herminia, ta leƙo ta saman tabarau:
"Na ban dariya ne, amma akwai jini a ciki,
da zancen balaga. Kai ka san ɗanka."
Na ce na san shi.
Ta miƙo mini canji, idonta yana kansa.

Aka kashe fitila.
Ga wani yaro a bango, kunnuwa kamar faifai,
yana aske gemun da bai fito ba,
yana gwada murya a gaban madubi,
kakarsa kurma tana buga ƙofar banɗaki
tana tambaya ko ya mutu ne a ciki.
Na yi dariya har gugguru ya sarƙe ni.
Gaspar ma ya yi, ta hanci,
kamar mai tsoron a kama shi da ita.

Sai yaron ya rubuta wasiƙar so,
ya ɓoye ta cikin kwandon burodi.
A teburin cin abinci kakar ta warware ta,
ta karanta da ƙarfi, irin karatun kurame,
har ta kai kan sunan da ke ƙasa.
Ba sunan da gidan ke jira ba ne.

Cokali ya faɗi.
Uban ya miƙe, ya ɗauki kaskon suya.
Kiɗa ya yi sauri, suka zaga tebur sau uku,
kare yana binsu, miya tana tashi sama,
kaskon ya sauka, ƙau,
haƙori ya yi tsalle ya faɗa cikin kofin kaka.
Ɗakin kallo ya ɗauka gaba ɗaya,
wani a bayanmu yana dukan kujerata don daɗi.

Ni ma bakina a buɗe yake
lokacin da na waiga.
Hasken bango yana wasa a fuskar ɗana,
ja, fari, ja.
Hannunsa ya damƙe hannun kujera
yadda ya damƙe ƙarfen gado wani dare, bara,
ran da na dawo da gajiya da bashi a kai,
na tarar da faranti a fashe.
Sau ɗaya ne. Na sha gaya wa kaina sau ɗaya ne.
Wanzami dai ba ya son jarfa.

A fim, minti goma suka isa:
uba ya yi kuka, aka ɗinke leɓe,
aka yi rawa a tsakar gida, kaka ta maido haƙori.
Mu kuwa aka kunna mana fitila,
muka fito cikin yayyafi da warin teku.

Matakala ɗari da sittin ne zuwa gidanmu.
A ta arba'in ya ce, "Kakar ta iya wasa."
Na ce ta iya.
A ta casa'in ya tsaya ɗaure takalmin
da ba a kwance yake ba.
"Baba," ya ce wa takalmin,
"da kai ne, a teburin nan..."

Jirgin ruwa ya yi kuka can ƙasa.
Na nemi magana, na tarar aljihuna ya fi bakina kaya:
makulli, guntun tikiti, ragowar gugguru.
Na ce, "Gidanmu kasko ɗaya ne,
kuma na ƙwai ne."

Bai yi dariya ba. Bai kuma faɗi sunan ba.
Amma da muka ci gaba da hawa
ya shigo ƙarƙashin laimata,
kafaɗarsa ta kusa kai tawa,
ban san yaushe ta yi tsawo haka ba.